Kyanwar Lami da Littafin Yara Mai Hotuna

A shekarar 1957 marubucin nan na Amurka, Dr. Seuss, ya fitar da The Cat in the Hat, littafi mai hotuna da aka gina a kan kalmomi 236 kacal don masu koyon karatu. Daɗinsa yana cikin amsa-amon Turanci, wanda ba ya tsira idan aka fassara shi. Saboda haka fassara ba za ta biya buƙatar ɗan Bahaushe ba, sai an ƙirƙiro masa nasa littafin.

Kayan aikin kuwa suna nan jibge. Yaro yana ganin kyanwa a tsakar gida tun kafin ya iya magana. Bakano ya ce mage, Basakkwace ya ce mussa, namiji kuma muzuru. Karin magana ta adana kyanwar Lami da ba ta cizo ba ta yakushi, da mage mai kwanciyar ɗaukar rai. A Musulunci ma sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa.

Amfanin littafin yana cikin karanta shi tare. Uwa ta nuna hoto ta yi tambaya, yaro ya amsa, kamar yadda ake amsa wa mai tatsuniya da dare. Yanzu wayar hannu tana cinye wannan zaman. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'i su haɗa marubuta da masu zane, su kuma ɗauki adabin yara a matsayin fagen nazari. Yaron da ya fara son littafi da Turanci kaɗai, da wuya ya nemi na Hausa in ya girma.