Abincin Kurmi a Birnin Kano: Ina Matsayin Ɗalibin Hausa?

Duk ranar Alhamis, manyan motoci kan tashi daga kasuwar Maigatari shaƙe da shanu, su bi ta Gumel su nufi Kudu. Fataken da suka zo sayen dabbobin kuwa daga ƙasar manja da doya da goro suka fito. Wannan cuɗanya ta daɗe, domin jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, reshensa na Nguru kuma ya ratsa Gagarawa a wajen 1930. Amma har yau da yawa daga cikinmu kan yamutsa fuska in an ambaci miyar mutanen kurmi, alhali ba su taɓa ɗanɗana ta ba. A ganina wannan ƙyama ba ta da tushe, kuma ba ta dace da ɗalibin harshe ba.

Wanda ke son ya ci abincin nan yadda masu shi ke dafa shi, to, ya nufi Sabon Garin Kano, unguwar da aka kafa domin baƙi 'yan Kudu a farkon mulkin Turawa. A gidajen abinci na titin Faransa da na Inugu zai sami sakwara da miyar agushi, da amala da ewedu na Yarabawa, da miyar ogbono da ta shuwaka irin ta Ibo. Wanda ya fi son girkin gida kuwa, kasuwar 'Yankura na kusa, ga manja ga busasshen kifi ga ganyen ugu.

Masu ƙyama kan ce suna tsoron naman da ba yankan Musulmi ba. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma maganinsa tambaya. Yarabawa masu tuwo da yawa Musulmi ne, naman da gandar da ke cikin miyar kuma galibi daga mahautanmu suka fito. In zuciya ba ta kwanta ba, ga kifi.

Abin lura shi ne, harshen Hausa ya riga masu shi zama a kan wannan akushi. Ya karɓi "egusi" ya mai da shi "agushi", bisa ƙa'idarsa ta juya "s" zuwa "sh" a gaban wasalin "i". Ya karɓi "eba" ya ce "teba". Da ya ga man kwakwa na kurmi kuwa, sai ya dubi launinsa ya raɗa masa "manja". Ashe kenan ɗakin mai tuwo ma fagen nazari ne.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da su tura ɗalibai Sabon Gari da tashoshin motar Gumel da Maigatari, su tattara sunayen abincin nan tare da yadda Bahaushe ke furta su. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.