Mutum-mutumin Da Ya Iya Gaisuwa: Darasi Ga Masu Tsara Kasafin Ilimi

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu a watan Satumban 2025, ilimin mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira sun samu gurbi a makarantun sakandare. Sauran aiki yana kan teburin ma'aikatan da za su fassara manufar zuwa kasafi da kwangila. Kafin su sa hannu a takardar sayen kaya, ya kamata su tantance abin da ake son yaro ya koya.

Hanya mafi inganci ita ce a sa ɗalibi ya koya wa na'ura ɗabi'ar mutane, kuma gaisuwa ta isa misali. Kafin mutum-mutumi ya gaishe da baƙo, dole ɗalibi ya warware gaisuwar daki-daki: na'ura ta gane mutum ya iso, ta auna nisan da ya dace, ta yi sallama, ta jira amsa, sannan ta san abin yi idan an yi shiru. Kowane mataki umarni ne da za a rubuta wa kwamfuta, mai sharaɗi da maimaitawa. Yaron da ya kammala wannan ya kama ginshiƙin ilimin ba tare da hadda ba.

Akwai kuma riba ta biyu. Kismet, mutum-mutumin da Cynthia Breazeal ta ƙera a jami'ar MIT ta Amurka a ƙarshen shekarun 1990, an gina shi ne ya kalli mai magana da shi a fuska. A gidan Bahaushe kuwa, yaro mai tarbiyya sunkuyar da kai yake yi gaban babba. Bayarabe ma ya kan kwanta ƙasa. A makarantun haɗaka na tarayya, inda 'ya'yan ƙabilu daban-daban ke zama aji ɗaya, ɗalibai za su gano da kansu cewa kowace na'ura tana ɗauke da al'adar wanda ya tsara ta.

Masu cewa makarantar da ba ta da tsayayyar wutar lantarki ba ta da halin wannan karatu suna da hujja. Amma hujjar tasu ta fi shafar sayen mutum-mutumi masu tsada irin su Nao, waɗanda za a nuna ranar ƙaddamarwa sannan a kulle a sito. Manhajar Scratch kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Ƙaramin allon micro:bit kuwa da batir yake aiki.

Saboda haka, kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ga horar da malamai, wutar sola da kayan gyara. Cibiyar NCAIR da ke Abuja, ƙarƙashin hukumar NITDA, tana iya jagorantar horon tare da hukumar NERDC mai tsara manhaja. Ma'aunin nasara kuma ya zama yawan ɗaliban da suka rubuta umarni da hannunsu, domin shi ne alƙaluman da ya kamata kowane darakta ya nema a rahoton ƙarshen shekara.