Ba Rashin Iya Zaɓen Rana Ke Kashe Mu Ba

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Kano da yara a gida ya san muhawarar da ake yi kafin a kai su Gidan Zoo. Uwa ta ce a je washegarin Sallah tun ɗinki bai yamutse ba. Uba ya ce a bari sai rana ta huɗu, lokacin da layin tikiti ya ragu, ba sai an riƙe hannun yaro gam don kada ya ɓace ba. Wanda ya yi kuskuren lissafi zai sha rana, ya sha ƙura, yaro ya yi kuka bai hau lilo ba, a dawo gida ana mita. Iyakar asarar ke nan.

A Amurka wannan muhawara ta zama sana'a. Akwai shafukan intanet da ba su da aiki sai hasashen cunkoso a wuraren wasan Disney. Suna ba kowace rana ta shekara maki daga 1 zuwa 10, su gaya maka ranar da za ka shige salin alin da ranar da za ka bushe a layi. Kamfanin da kansa, tun 2016, yake tsauwala kuɗin tikiti a ranakun cunkoso, ya sassauta a ranakun da mutane suka yi ƙaranci. Manhajar Google Maps da ke cikin wayarka ma tana nuna awannin da wuri ya fi cika, daga bayanan wayoyin mutanen da suka yarda a riƙa adana inda suka je.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da ke cikin wannan tukunya. Ilimin lissafin layi tsoho ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ne ya aza harsashinsa a 1909, yana neman sanin yawan layukan tarho da za su ishi masu kira. A yau ana tara bayanan shekarun baya, da ranakun hutun makaranta, da hasashen ruwa, a ba kwamfuta ta fitar da ranar da ta fi sauƙi. Lissafin yana aiki, kuma yana aiki ne bisa sharaɗi ɗaya da ba wanda ke damuwa ya ambata: kowace rana ka zaɓa, za ka dawo gida.

Mu ma 'yan Sabon Birni da Isa muna zaɓen rana, har mun fi mai zuwa Disney naci. Kafin ɗayanmu ya taso daga Kano ko Abuja ko Sakkwato zai buga waya gida sau uku. “Baba, yaya hanya?” Sai a aika yaro tasha ya tambayo direbobi ko an wuce lafiya yau. A ce kada ka fita sai rana ta ɗaga, ka tabbata ka isa kafin la'asar. Kawu ya ce ka bari sai ranar kasuwa, motoci na da yawa, jama'a rahama ce. Inna ta ce kul, ranar ce suke tarewa, don sun san kowa da kuɗi a aljihu. Wani ya ce ka jira ko za a samu rakiyar jami'an tsaro. Haka muke ɗaga ɗaurin aure, mu yi ta'aziyya ta waya, mu ci Sallah a ɗakin haya muna kallon hotunan gida.

Wannan taka-tsantsan ba laifi ba ne, mu ma muna yin sa. Abin da muke faɗa da shi shi ne tambayar da ke biyo bayan kowane mugun labari. Da zarar an ce an tare mota, kafin a ce Allah ya kuɓutar da su, sai ka ji wani a majalisa ko a zauren WhatsApp ya ce: “Mi yak kai shi bin hanyag ga da marece?” Wani ya ƙara: “Ai an ce a daina bi ran kasuwa.” Da jimla biyu an ɗauke laifi daga wuyan mai bindiga da wuyan wanda aka ɗora wa tsaron hanya, an rataya shi a wuyan wanda aka sace. An mai da kisan kai matsalar jadawali, kamar mutum ya je Gidan Zoo ne washegarin Sallah ya tarar da layi.

To, mu ɗauki masu wannan magana a kan maganarsu, mu nemo ranar da ta dace.

Idan cikin jama'a ne tsira, me za mu ce da kasuwar Goronyo? Ranar Lahadi, 17 ga Oktoba 2021, kasuwa ta cika maƙil aka buɗe mata wuta. Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Idan tafiya tare cikin mota guda ce tsira, a farkon Disambar shekarar aka tare motar fasinja a Gidan Bawa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Ƙidayar hukuma ta ce aƙalla 23. Idan sanin ƙasa da sanin mutane ne tsira, wa ya kai Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa? A ƙarshen Yulin 2024 aka ɗauke shi a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato, cikin Agusta aka ji labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Idan kuwa zaman gida ne tsira, mutanen Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa ba kan hanya suke ba ranar 27 ga Mayu 2020, lokacin da aka kashe fiye da mutum 70. A garuruwansu aka same su.

Cikin taro, cikin mota, da sarauta, a gida. Mai tambayar “mi yak kai shi” ya fito ya nuna mana ranar da ta rage a kalanda.

Akwai dalilin da ya sa ba zai iya ba, kuma dalili ne da duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya sani. Layin lilo ba ya tunani. Ba ya karanta hasashenka ya sake dabara. Ko a can ma, idan kowa ya ruga ranar da aka ce babu kowa, ranar ta cika, hasashen ya ci kansa. Ina ga wanda ke da ido da kunne da babur? Ɗan bindiga yana da waya irin tamu. Yana da masu kai masa rahoto daga cikin gari, abin da hukumomi da kansu suke ta kuka da shi. Duk ƙa'idar da ta yaɗu har ta isa kunnen Inna, ta riga ta isa daji. In muka koma bin safiya, a tare safiya. In muka koma ayari, a jira ayari. Bayanan jiya suna hasashen gobe ne kawai idan abin da kake aunawa bai damu da kai ba.

Shi ya sa muke jin wani iri idan abokan sana'armu suka tashi a taron matasa masu fasaha suna tallar manhajar da za ta magance matsalar. Mun zauna a irin wannan taro, an haska taswirar arewa a bango, hanyoyi sun yi kore da rawaya da ja, matafiya su riƙa tura rahoto, a ba kowace hanya maki. Aka yi tafi. Da muka tambayi mai gabatarwa abin da zai hana ɗan rahoton 'yan bindiga ya sauke manhajar ya shafa wa hanya kore, sai ya ce za a duba wannan a sigar gaba. Niyyarsa mai kyau ce. Amma taswirar da ke nuna inda motoci suka taru da lokacin da suke wucewa, kyauta ce ga mai tare hanya. Kuma ranar da hanya mai kore ta ci mutum, tambayar za ta sake riga ne kawai: me ya sa bai duba manhaja ba?

Ballantana ma manhaja sai da sabis. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa da Goronyo, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Cikin wannan duhun aka kai harin kasuwar Goronyo. Mutumin da aka ce ya tambayi labarin hanya kafin ya fita, an wayi gari ba shi da abin tambaya.

Sannan zaɓen rana gata ne na mai hali. Mu da albashinmu ke shigowa ta banki za mu iya ɗaga tafiya mako biyu, mu yi aiki daga ɗaki. Manomin da ya ɗaure buhun gero ko wake ba shi ya yanka wa kasuwa rana ba. Goronyo Lahadi take ci, Shinkafi Alhamis, in bai je ba gidansa ba a ɗora tukunya. Mai naƙudar da aka ce a wuce da ita babban asibiti a Sakkwato ba za ta jira rana ta ɗaga ba. Ɗalibi ba shi ya sa ranar jarrabawa ba. Direba kuwa hanyar ce gonarsa. Duk wanda ya ce wa waɗannan su iya zaɓen lokaci, yana magana ne daga inuwar da ba su da ita.

Za a ce mana, to me kuke so, mutane su riƙa faɗa wa hanya ido rufe? A'a. Ko gobe za mu tafi gida sai mun buga wa Baba waya, kuma in ya ce mu dakata za mu dakata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma dabarar mai neman tsira daban, aikin hukuma daban. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki dabararmu ta dole a mai da ita tsarin tsaro, jami'i ya fito ya shawarci jama'a su guji tafiyar yamma, ya koma ofis yana ganin ya sauke nauyi. Duk sanarwar da ta ce kada a bi hanya kaza bayan ƙarfe kaza, amincewa ce a fili cewa daga wannan lokaci hanyar tana da wani mai ita.

Sunan garinmu kansa alkawari ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri a ƙasar da ta zama Nijar, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Ma'anar birni ita ce wurin da mai mulki ya ɗauki nauyin ka kwana lafiya, ka je kasuwa ka dawo. Yau dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, a hannun 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka.

Buƙatunmu ba su da sarƙaƙiya. A kafa jami'an tsaro na dindindin a wuraren da kowane yaron tasha ya san ana tarewa, daga Kwanar Maharba zuwa hanyar Isa, maimakon sintirin da ke zuwa bayan an gama jana'iza. A tsare kasuwanni ranar cinsu, domin ranakun ba ɓoyayyu ba ne. A gurfanar da masu kai rahoto a kotu, jama'a su ga hukunci. Kada a sake katse wa mutane waya a bar su da mai bindiga. Abokan sana'armu kuwa, in har za mu rubuta wani abu, mu rubuta rumbun da zai adana kowane hari da ranarsa da wurinsa da tsawon lokacin da agaji ya ɗauka kafin ya iso. Wannan lissafi ne da za a ajiye a gaban mai neman ƙuri'a, ba a gaban gawa ba.

Mu kanmu akwai abin da ke wuyanmu, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Idan labari ya sake zuwa, wani ya buɗe baki zai ce “mi yak kai shi”, mu tare shi mu ce: kasuwa ta kai shi, asibiti ya kai shi, gaida mahaifiya ya kai shi, abin da ke kai kowane ɗan Adam kan hanya. Sai mu mai da masa tambayar inda ta dace: wa aka ba amanar hanyar, kuma ina yake a wannan rana?

Muna so yaranmu su san irin muhawarar da ake yi a Kano kan Gidan Zoo. Uwa ta ce yau, uba ya ce jibi, a yi kuskure, a sha layi, a dawo gida ana mita.