Addu'ar da ba ta ambaci sunan kowa ba

Kalandar duniya ta cika da ranakun haɗa zukata. Ranar 21 ga Satumba ta zaman lafiya ce, ana kaɗa ƙararrawa a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya, a yi shiru na minti guda. Ranar 4 ga Fabrairu ta ƴan'uwantakar ɗan Adam ce, albarkacin takardar da Fafaroma Francis da Shehun Azhar suka sa wa hannu a Abu Dhabi a 2019. A Disamban 2024 aka ƙaro wata, 21 ga Disamba, ranar zuzzurfan tunani. A zauna, a rufe ido, a ja numfashi, a yi wa duniya fatan alheri.

Kar wani ya ce ina raina addu'a. Mu da muka tashi muna ganin dattawa suna shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, ba wanda zai koya mana darajar natsuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wanga "ɗan Adam" da ake ta yi wa addu'a ba shi da suna, ba shi da unguwa. Son shi ba ya cin ko dala. Ba ya karɓar bashinka ya ƙi biya, akuyarsa ba ta shiga gonarka, ba ya zuwa neman auren ƙanwarka. Shi ya sa Amurka da Faransa da Rasha da Sin, waɗanda ke sahun gaba wajen sayar da makamai a duniya, suke iya yin shirun minti gudan nan ko gezau.

Mu ma nan gida mun iya kwaikwayo. Otel a Yamai, banderol, fararen riguna, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, a ɗauki hoto don Facebook, a sa hannu a karɓi kuɗin mota. Sai baɗi.

To mu faɗa wa juna gaskiya. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, an ƙone majami'u masu yawa saboda zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga, mutum goma suka rasu. Wanda ya yi zanen yana Paris. Wanda aka ƙone wa wurin ibada maƙwabcinmu ne, layin famfo ɗaya muke bi da shi. Ranar nan waɗanda suka fidda mu kunya su ne musulmin da suka buɗe ƙofar gidansu suka ɓoye maƙwabta kirista, don sun san su da sunansu, sun san ƴaƴansu.

Ban ce rana ta musamman ba ta da amfani ba. A El Salvador, a 1985, ana tsakiyar yaƙin basasa, UNICEF da cocin Katolika suka shawo kan gwamnati da ƴan tawaye aka riƙa ajiye bindiga kwana uku a shekara don a yi wa yara rigakafi, aka ci gaba da haka shekara bayan shekara. Ka ga an san wa ake roƙo, an san mi ake roƙo, kuma ana iya ƙirga yaran da aka yi wa allura.

Mu fa? 21 ga Satumba tana zuwa daidai lokacin da gero ya nuna, ba da jimawa ba garkunan shanu za su fara gangarowa kudu kafin a saki gonaki. Kowa a jihar Maraɗi ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari. Idan har za a kashe kuɗi a kan wannan rana, a kai su ƙauyen da burtali ya shige cikin gona, a zaunar da sarkin noma da arɗo gaban mai gari, a tsaida ranar sakin gonaki, a tsaida diyyar ɓarna, sannan a shafa fatiha.

Bana idan takardar gayyata ta iso ka, kafin ka karɓi rigar, tambayi masu taron: bayan an tashi, gidan wa za mu je?