Ƙwayar da Ke da Fuska da Ƙeya

Kalmar "ƙwayar halitta" ta zauna daram a rubutun kimiyya da Hausa, sai dai tana ɗauke da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Bahaushe in ya ji ƙwaya, gero ko dawa yake hangowa, wato abu dunƙulalle marar gaba da baya. Da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke gina jikin ɗan tayi kuwa kowacce tana da sama da ƙasa, tana kuma daidaita fuskarta da ta maƙwabciyarta, kuma a kan haka siffar gaɓoɓi ta dogara.

Lakar gadon baya ta isa misali. Farkonta shimfiɗaɗɗen faifai ne na ƙwayoyi. Sai saman wasu daga cikinsu ya tsuke, kamar yadda zariya ke tattare bakin wando, gindinsu kuma ya zauna da faɗinsa, tilas faifan ya lanƙwashe. A lokaci guda suna kutsawa tsakanin juna, faifan ya ƙara tsawo ya rage faɗi, har gefunansa biyu su haɗe su zama bututu. Aikin kan kammala wajen kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Idan ƙasan bututun bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya.

Uwar da ta kawo irin wannan jariri Dutse daga Kiyawa ko Jahun, da Hausa za a yi mata bayani. In aka ce mata "matsalar ƙwayoyin halitta ce", gado za ta ji, domin da kalmar nan ake fassara abin da ake gada daga iyaye. Daga nan sai dangin miji su shiga tonon asalinta. Gado yana da nasa kaso, amma abin da ya fi kamata ta ji shi ne sakamakon gwajin da Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa a 1991: shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki ya rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya samar wa nazarin harshe da adabi keɓaɓɓun kalmomi. Ilimin ginuwar ɗan tayi ma yana buƙatar irin wannan zama tsakanin masana Hausa da malaman ilimin jiki na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Kuma daga aikatau ya dace a fara, tunda tsuke da lanƙwashe da kutsa suna bakin kowace ungozoma, kafin a zo ga raba sunan ƙwayar da ke gina jiki da na wadda ke ɗauke da gado.