Taura Biyun Nan Tana Taunuwa

Duk ranar da wani ɗanmu lauya ya ce zai nemi gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci, sai majalisun Limawa su ɗauka. Wai taura biyu ba ta taunuwa. Wai yaro ya yi shekara biyar a jami'a, ya yi guda a Makarantar Lauyoyi ta Bagauda, ya yi bautar ƙasa, maimakon ya sa baƙar riga ya shiga kotu, sai ya koma lissafin uwa da riba kamar ɗan tireda. Har da masu cewa kwaɗayi ne. Mu ba mu yarda ba, kuma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne bakunan da maganar ke fitowa.

Mutanen da suka tashi a zaurukan malamai ne fa. Wa ya karanta Risala bai iso babin ciniki ba? Malaman Malikiyya ba su taɓa raba sanin hukunci da sanin kasuwa ba. A zaure guda ake koyon alwala, a nan ake koyon sharuɗɗan ƙiradi da haya da jingina, da lungunan da kuɗin ruwa ke ɓuya. Alƙalin da bai san yadda dillali ke cin la'ada ba, ta yaya zai raba rigimar dillalai? Tsarin boko ne ya gina katanga tsakanin ilimin biyu, mu kuma muka zauna muna gadinta kamar gadon kakanni.

Ga abin da katangar ke jawo mana. Riɗi da zoɓon Jigawa suna tsallaka teku, amma takardar cinikin da Turanci ake rubuta ta, galibi a ofishin mai saye. A cikinta ake faɗin yawan danshin da za a lamunta, da wanda zai ɗauki asara idan kaya suka lalace a hanya, da ranar biya. Ɗan kasuwarmu ya kai wa lauya, lauya ya duba kalmomi ya ce ba matsala, don bai san abin da jinkirin wata biyu ke yi wa jari ba. Ya kai wa mai digirin kasuwanci, shi kuma ya duba alƙaluma ya tsallake sakin layin da ya ce in rigima ta tashi a wata ƙasa za a sasanta ta. Kowa ya yi aikinsa, mai kaya ya kwana a ciki.

Tun 2020 dokar kamfanoni ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai. Bankin Jaiz na aiki tun 2012 ba da kuɗin ruwa ba. Wa zai zauna da masu hatsin Shuwarin da masu dabbobin Maigatari ya warware musu waɗannan da Hausa?

A Amurka, jami'o'i irin su Harvard sun haɗa karatun biyu, ɗalibi ya gama a shekara huɗu maimakon biyar. A nan kusa, Jami'ar Bayero tana da tsangayar shari'a, tana da makarantar kasuwanci ta Ɗangote. Jami'ar Tarayya da ke Dutse, wadda aka kafa a 2011, a ƙofar gidanmu take. Muna son jami'o'inmu su buɗe ƙofa guda, fom ɗaya, kuɗin makaranta ɗaya, maimakon yaro ya gama wannan ya sake bin layin wancan har furfura ta fara leƙowa.

Su ma masu neman gurbin ba za mu ƙyale su ba. Wanda burinsa ƙarin haruffa a bayan suna, ya bar wa ubansa kuɗinsa. Kafin ka cike fom, je ka wuni a rumfar masu riɗi, ka nemi takardar ciniki ko guda ɗaya ka karanta. Abin da ka gani a ciki, shi za ka rubuta a gurbin da aka tambaye ka dalilin neman karatun.