Sankarar maƙogwaro: wuƙa ko gashi, wanne ke ceton murya?

Murya jari ce. Da ita ɗan kasuwa ke ciniki, da ita malamin lakkwal ke cin abinci. Shi ya sa idan sankara ta kama jijiyoyin murya har ta yi nisa, abin da majinyaci ke fara tambayar lokotoro shi ne ko zai ci gaba da magana.

Tun 1873, lokacin da Billroth ya fara wannan aiki a Viyana, maganin da aka sani shi ne cire maƙogwaro ɗungurungum. Mutum na iya rayuwa, amma muryarsa ta tafi, kuma ta wata ƙofa a wuya zai riƙa numfashi har ƙarshen ransa. Yau akwai hanyoyi biyu na guje wa haka.

Ta farko tiyata ce, wadda likitocin Faransa suka yaɗa tun shekarun 1970: a yanke sashen da ya kamu, a bar ragowar. Murya na dawowa a dushe, kuma sai majinyaci ya sake koyon haɗiya. Ba kowa take karɓa ba: sai mai ƙarfin huhu, wanda ciwon bai mamaye maƙogwaronsa duka ba.

Ta biyu gashi ne da hasken na'ura, haɗe da magani ta jijiya. A 1991 wani bincike a Amurka kan majinyata 332 ya nuna cewa bayan shekara 2, kashi 68 cikin 100 na raye, ko an cire musu maƙogwaro ko an gasa. Cikin waɗanda aka gasa, kashi 64 sun tsira da nasu. A 2003 wani binciken ya nuna cewa ba da maganin tare da gashin a lokaci ɗaya ya fi kare maƙogwaro. Sai dai gashi na barin bushewar baki da wahalar haɗiya, kuma idan ciwon ya dawo, wuƙar da aka gudu ita ake komawa. Inda sankara ta huda guringuntsi kuwa, cirewa gaba ɗaya ta fi ceton rai.

A Nijar, cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashi a 2021. Aikin na cin kusan mako 7, kwana 5 kowane mako. Ga mutumin Damagaram, wannan na nufin rufe shago da neman masauki kusan kilomita 900 daga gida. Wanda ya katse don guzuri ya ƙare ya rage wa maganin ƙarfi. Gara a yi lissafi kafin a fara.

Zaɓin yana hannun wanda ya zo da wuri. Dushewar muryar da ta wuce mako 3, musamman ga mai shan taba ko giya, ba mura ba ce da za a jira ta wuce: a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.